Sunan da Malama Ta Sa wa Dada

A layinmu na unguwar Kolere, a garin Mubi, hayaƙin gidanmu ne ke fara tashi. Ba fariya nake yi ba, don ba ni da hannu a ciki. Ni irin mutanen nan ce da sai an janye musu mayafi, an yayyafa musu ruwa, kafin su yarda gari ya waye. Aikin mahaifiyata ne, wadda muke kira Dada. Kafin ladan ya gyara murya ta riga ta tashi, ta yi alwala, ta durƙusa gaban murhu. Tun da dare takan binne guntun icen ƙirya mai wuta a cikin toka, da asuba ta tone shi, ta ɗora busasshen kara, ta hura, wuta ta kama. Ashana a wajenta kayan malalata ce. Akwai kwali ɗaya da ya daɗe a saman tagar ɗakinta, ba ta taɓa shi sai in za ta share ƙura.

Saboda haka gidanmu ake zuwa ɗiban wuta. Gari na fara washewa za ka ji sallama a zaure, wannan da fasasshen kasko, waccan da murfin gwangwani, a zuba wa kowa garwashi ya yi sauri gida kafin ya mutu. Matan Fulani, matan Gude, matan Kamwe, duk a bakin murhunmu suke fara gaisawa. Dada tana zuba musu tana faɗa, wai mace da girmanta ba ta iya kwana da wutarta ba. Amma ranar da wata ba ta zo ba, sai ta aike ni in dubo ko lafiya.

Cikin masu zuwa akwai wadda ba ta da dalilin zuwa ko kaɗan. Maƙwabciyarmu ce, katanga ɗaya ta raba mu, kowa yana kiranta Malama saboda Turanci take koyarwa a firamaren unguwarmu. 'Yar Kamwe ce daga wajen Michika, Kirista, mijinta ya rasu ya bar ta da ɗa ɗaya. Tana da risho, tana da ashana, amma kullum da kanta take zuwa da kaskonta, ta ce wai shayin wutar risho kananzir yake yi mata a baki. Ƙarya ce, hira ke kawo ta. Hausar Malama ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne a bakinta, har Dada, har kazar gidanmu.

Ina aji huɗu aka sa wa Dada sunan, shekarar da aka raba Gongola aka ce daga yau mu 'yan Adamawa ne. Malama za ta tafi Uba gaisuwar mutuwa, ta tashi cikin duhu don ta sami motar farko, tana ganin ranar dai ta riga kowa. Tana fitowa tsakar gidanta sai ga hayaƙinmu yana haye katanga. Ta ɗaga murya, har ni da ke barci na ji.

"Kai, wannan mata! Ba ka barci ne? Wallahi kai early bird ne!"

Dada ba ta jin Turanci, kuma ba ta son a gaya mata maganar da ba ta gane ba. Ta shigo ta tashe ni ta ce in fassara mata, tunda kuɗin makaranta ba a banza ake biya ba. Na murza ido na haɗa 'yan kalmomin da na sani, na ce ma'anarsa tsuntsu mai sammako. Nan take fuskarta ta canza. Ita tsuntsun da ta sani yana yawo kafin gari ya waye mujiya ce, kuma a garinmu ba a haɗa mace da mujiya a zauna lafiya. Washegari da Malama ta zo, Dada ta zuba mata garwashi ba tare da ta amsa gaisuwarta ba.

Da Malama ta gano abin da ya faru, dariya ta yi har ta ajiye kaskon a ƙasa. Sannan ta ja kujera ta zauna ta yi wa Dada darasi kamar a aji. Ta ce Turawa haka suke kiran mutumin da ke tashi kafin kowa, ko wanda ke riga mutane isa kasuwa ko wajen aiki. Ba zagi ba ne, yabo ne mai ɗan tsokana a ciki, kuma yawanci wanda ya makara ne ke faɗa wa wanda ya riga shi. Ta ce a ganinsu irin wannan mutumin shi ke samun rabo mai kyau, don yana isa kafin a tsince.

Dada ta taɓe baki. "To ni me na samu? Ni ke hurawa, ku ke ɗiba."

"Ka samu ni," in ji Malama. "Kowane safe. Bai isa ba?"

Daga ranar sunan ya zauna. Shi ne gaisuwarsu ta saman katanga, Malama ta kira, Dada ta amsa da Fulatanci cewa ta kwana lafiya. Ni ce na sha wahalarsa. Malama ta kai shi aji, duk shekara in ta zo kan wannan darasin sai ta ba da misali da Dada, yara su juyo su dube ni, ni da kullum ake tsare wa a bakin ƙofar makaranta saboda makara. Suka dinga kirana 'yar early bird, suna dariya. Na tsani kalmar nan kamar me.

Dada kuwa ta karɓe ta hannu biyu, ta shiga liƙa wa duk abin da ya zo kafin lokacinsa. Akuyarmu ta haihu da wuri, ta ce early bird. Ruwan farko ya sauka kafin a gama sharar gona, shi ma early bird. Malama ta riƙe kai ta ce ba haka ake amfani da shi ba, mutum ake gaya wa, kuma maganar sammako ce. Dada ta ce tunda an ba ta, nata ne, inda ta ga dama nan za ta sa shi. Sun yi shekaru suna wannan gardamar, ba wadda ta sauka.

A hankali masu ɗiban wuta suka ragu. Ashana ta yi arha, wasu suka sayi risho, 'yan matan zamani kuma kunya suke ji a gan su da kasko a kan hanya. Malama ta yi ritaya, ƙafafunta suka fara kumbura, ga hawan jini, ga gyambon ciki da ke tashi in ta daɗe ba ta ci abu mai ɗumi ba. Ɗanta ya sami aiki a Yola, ya yi ta fama ta koma wajensa, ta ƙi. Dada ma gwiwoyinta suka ƙi ta, daga ɗaki zuwa murhu sai ta dafa bango. Ni kuma aurena ya mutu, na dawo gida da yarana biyu da keken ɗinkina. Duk da haka kowace safiya sai Malama ta dogara sanda ta zagayo da kaskonta, ita kaɗai ta rage.

Haka muke har ƙarshen daminar da aka gudu. Dawa ta yi kai ana shirin yanka, sai labari ya zo cewa masu bindigan nan da muka daɗe muna jin ɓarnarsu a arewa da mu sun shiga Uba. Kafin mu gama tantama sai ga ƙarar harbi a cikin Mubi. Gari ya watse. Ƙanena ya zo a guje ya ce mu tashi, mutane duk sun kama hanyar Sahuda a ƙafa, za su tsallaka Kamaru. Dada ta dubi gwiwoyinta ta ce ba inda za su kai ta. Malama ma ko bakin titi ba za ta iya kaiwa ba, ɗanta yana ta kira daga Yola yana kuka har waya ta ɗauke. Na ba ƙanena yarana na ce ya tafi da su, ni zan tsaya da tsofaffin.

Da yamma na zagaya na shigo da Malama gidanmu. Mun san abin da ke jiranta in aka gane ta, don a wajen mutanen nan laifinta biyu ne: Kirista ce, kuma malamar boko. Muka sa mata hijabin Dada, muka shimfiɗa mata tabarma a ɗakin ciki inda muke ajiye buhunan masara. Na sa wa ƙofar zaure kwaɗo ta waje, na hauro ta katanga, don duk wanda ya wuce ya ɗauka gidan ba kowa. Na kafa doka, ni da aka saba kafa wa: ba daka, ba magana da ƙarfi, ba wuta. Guntun icen da Dada ta binne ya mutu a cikin tokarsa tana kallo.

Garin kwaki muke jiƙawa da ruwan randa, da ƙuli-ƙuli, da ɗanyar gyaɗa. Ni da Dada muka jure, amma cikin Malama ya ƙi. Gyambon ya tashi, duk abin da ta haɗiye sai ya dawo, tana cusa bakin zane a baki don kada nishinta ya fita waje. Wani tsoho da ya rage a bayan layinmu ya raɗa mini ta saman katanga cewa ana barin mata su fita daga gari a ƙafa in sun rufe jikinsu, ba a cika tsayar da tsofaffi ba. Hanya ke nan ta samu, in Malama za ta iya miƙewa. Amma ko zama ba ta iya yi sai an tallafe ta.

Dada ta ce in bar ta ta dama mata kunun gyaɗa, in ta sami abu mai ɗumi a ciki za ta tashi. Na ce a'a. Ta sake faɗa washegari, na sake cewa a'a, muka yi faɗa da raɗa, wanda ya fi faɗa da ihu cin rai. Na ce mata hayaƙi ɗaya ya isa ya kashe mu duka. Ta ce yunwa ma tana kisa, kuma ita a gabanta ake yi. Dukanmu muna da gaskiya, abin da ya fi ba ni haushi ke nan har yau.

Ƙamshi ne ya tashe ni. Na daɗe ban ji shi ba har na ɗauka mafarki nake, ƙamshin gyaɗa a kan wuta da hayaƙin busasshen ice. Da na gane, na fito ba ko ɗankwali. Duhu bai gama yayewa ba. Dada tana durƙushe gaban murhu, ta jingina guntun kwano ta kare hasken, kwalin ashanan nan na saman taga yana gefenta a buɗe. Ta riga ta tace gyaɗar, ta zuba shinkafa, tana juyawa a hankali don kada muciya ta taɓa tukunya.

"Dada, me kika yi?"

"Yi shiru," ta ce. "Wannan lokaci babu kowa. Tun kafin a haife ki nake tashi yanzu, ban taɓa ganin mutum a waje ba. Duhu zai ɓoye hayaƙi. Kafin gari ya waye na sauke, na kashe."

Ta yarda da abin da take faɗa har zuciyarta. Duk rayuwarta wannan ɗan lokacin nata ne ita kaɗai, daga ita sai zakaru, kuma ba ta taɓa cutuwa a cikinsa ba. Abin da ba ta lissafa ba, duhu yana ɓoye hayaƙi amma ba ya ɓoye ƙamshi, kuma a unguwar da ta yi kwanaki ba a hura wuta ba, ƙamshin girki nisa yake tafiya. Ba ta kuma san cewa mutanen nan su ma da asuba suke zagaya layuka suna neman wanda za su kora masallaci ba. Ni ma a lokacin ban sani ba.

Ina tsaye ina shawarar in watsa wa wutar ruwa, sai ga Malama ta jawo jiki zuwa bakin ƙofar ɗaki. Ta rame, hijabin ya yi mata yawa. Ta ja numfashi ta shaƙi ƙamshin, ta dubi Dada, ta yi murmushi irin wanda na kwana biyu ban gani ba.

"Early bird," ta ce, da ƙyar muryar ke fita.

Dada ta amsa mata da Fulatanci kamar kullum. Ban watsa ruwan ba.

Ba a jima ba muka ji babur ya shigo layi, ya wuce, ya dawo, ya tsaya. Aka doki kwaɗon zaure da gindin bindiga har ya karye. Samari ne suka shigo, wasu ko gemu ba su yi ba. Ba da faɗa suka fara ba. Babbansu ya yi sallama, ya tambayi dalilin kulle gida ta waje alhali da mutane a ciki, ya tambaya ko akwai maza. Na ce babu, tsofaffi ne marasa lafiya. Suka leƙa ɗakuna suka fito. Har na fara jin kamar za mu tsira.

Sai ɗaya daga cikinsu ya haska fuskar Malama da tocila, ya tsaya. Ɗan garin nan ne, na san fuskarsa a kasuwa. Malama ta koyar da rabin yaran Kolere, kuma ba a manta fuskar wadda ta riƙe maka hannu ka rubuta harafin farko.

"Madam?" ya ce.

Ina ganin ba da niyya ya faɗa ba, bakinsa ne ya riga shi. Babban ya juyo ya tambaye shi wace ce. Ya sunkuyar da kai, ya faɗa.

Dada ta miƙe ba tare da ta dafa bango ba, ta ce ƙarya ne, wannan yayarta ce uwa ɗaya uba ɗaya, daga ƙauye ta zo jinya. Babban ya ce in haka ne ta karanta Fatiha. Malama ta iya, na sani, ta yi shekara da shekaru tana jin ta ta saman katanga, har gyara wa yarana take yi in sun yi tsallake. Ta dube shi.

"Ɗana, ni Kirista ne," ta ce. "Wannan mata ba shi da laifi. Ni na shigo gidansa da ƙafana."

Suka ce za su kai ta inda aka tara sauran mata, ba abin da zai same ta. Biyu suka ɗaga ta. Dada ta riƙe bakin zanenta tana roƙo da Hausa da Fulatanci, tana haɗa su da Allah da iyayensu. Malama ce ta sa hannu ta ɓamɓare yatsun Dada ɗaya bayan ɗaya.

"Duba tukunya," ta ce mata. "Zai kama."

Da hijabin Dada a jikinta aka fita da ita, da silifas ɗina a ƙafarta. Dada ta zauna a ƙasa inda take tsaye. Tukunyar ta kama, ta ƙone, ni na sauke ta da hantsi.

Ba mu sake ganin Malama ba. Da sojoji suka karɓe gari, mutane suka fara dawowa, na bi duk inda aka ce an tsare mata, na tambayi waɗanda suka fito. Wata ta ce ta ga tsohuwa mai kumburin ƙafa, wata ta ce ba ta gani ba. Ba gawa, ba kabari, ba wanda zai ce ga ranar. Yarana suka dawo tare da ƙanena, sun yi baƙi sun rame, amma da ransu. Na gode wa Allah, kuma na ji kunyar murnata a gaban katangar nan.

Dada ba ta daina farkawa a lokacinta ba, jiki ya saba. Ina jin motsinta, ta yi alwala, ta yi salla, sannan ta zauna a bakin gado cikin duhu. Ba ta zuwa murhu. Sai rana ta fito sosai, ta leƙa ta ga hayaƙin wasu gidaje ya tashi, sannan ta ce in hura wuta. Na yi fushi da ita, ba zan ɓoye ba, fushi mai tsanani, amma duk lokacin da na gan ta zaune haka sai fushin ya rasa inda zai sauka. Wata rana 'yata tana haddar aikin makaranta da ƙarfi a tsakar gida, ta zo kan kalmar nan, tana maimaita ma'anarta yadda malaminsu ya rubuta musu, wai mutum mai tashi da wuri. Dada ta tashi ta shige ɗaki. Na ce wa yarinyar ta je zaure ta yi karatunta.

Ɗan Malama ya zo bayan ya gama nasa yawon neman. Tare muka tashi da shi, amma da ya shigo ban gane shi da farko ba, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya ƙi kujera, ya zauna a tabarma gaban Dada kamar yadda yake yi yana yaro. Na riga na shirya abin da za a gaya masa: sun zo suna bincike gida gida, suka same ta. Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, kuma na roƙi Dada ta tsaya a nan.

Ba ta tsaya ba. Ta ba shi labarin tun daga hijabi har kwaɗo, har garin kwaki da aman da uwarsa ta yi ta yi. Sannan ta ce, "Ni na hura wuta. Yarinyar nan ta hana ni, ban ji ba. Ƙamshi ne ya kawo su. In za ka riƙe wani, ni za ka riƙe."

Ya daɗe yana murza bakin tabarma da yatsa. Na zaci zai tashi ya fita, ko ya yi ihu, kuma da ya yi ba zan ga laifinsa ba. Da ya ɗago, idonsa ya yi ja, muryarsa kuwa ƙasa ƙasa.

"Dada, abin da kika dafa mata ɗin, ta samu ta sa a cikinta kafin su tafi da ita?"

Na buɗe baki zan ce e, ta samu, har ta ƙoshi. Ba wanda zai ƙaryata ni a duniya. Dada ta ɗora hannunta a gwiwata ta danne.

"A'a, ɗana," ta ce. "Shinkafar ba ta dahu ba."